Gunkin da Ya Ɓata a Lambun Yashi

Ranar Talata da hantsi aka zo unguwar Sa'alaba da ke Jidda aka gaya wa Barakatu 'yan sanda sun kama ɗanta Ubale. Ko mayafi ba ta gyara ba ta kama hanya. Ta san abin da ake yi wa hannun ɓarawo a garin nan bayan sallar Juma'a.

Ubale mai kula da lambu ne a gidan wani injiniya mutumin Japan da ke aiki a tashar jiragen ruwa. Lambun ma wane lambu, farin yashi ne da duwatsu uku, sai gunkin Buda na tagulla a tsakiya. Kullum da safe Ubale zai ja manjagara ya zana zobe-zobe a yashin kewaye da gunkin, maigidan ya zo ya zauna gabansa shiru, wai a nan zuciyarsa ke kwanciya. Ranar aka tashi babu gunki.

A lambun Barakatu ta tarar da ɗanta durƙushe da ankwa, Sufeto Abdulghaffar, Bahaushe haihuwar Jidda, yana tsaye a kansa. Mastura mai girkin gidan ta riga ta rantse ta ga Ubale ya fita da buhu a kafaɗa.

Barakatu ba ta yi kuka ba. Yashin ta tsura wa ido, inda aka share sawun wanda ya ɗauke gunkin.

"Sufeto, idonka na ado ne? Wannan sharar tsintsiya ce, daga dama zuwa hagu, yadda muke share tsakar gida. Shekara huɗu yaron nan na jan manjagara a nan. Da shi ne, da zobensa zai mayar."

Sufeto ya tsuguna ya duba. Ya tambayi Mastura ina tsintsiyarta, ta ce ta ɓata tun makon jiya.

Aka kira azahar. Sufeto ya nemi ruwan alwala. Ga birka nan, rijiyar ajiye ruwan gidan, taku biyar daga ƙofar kicin, amma Mastura ta ɗauki buta ta nufi gidan maƙwabta.

"Hajiya Mastura, me ya sami ruwan birka?"

"Ya yi gishiri."

"Yalla, maza ɗebo ki yi alwala da shi mu gani."

Butar ta suɓuce daga hannunta. Ta ja da baya har ta jingina da bango.

Da aka zura ƙugiya, sai ga gunkin yana tahowa a hankali daga duhun birka, naɗe da tsohon zane, ruwa na zuba daga fuskarsa, ido rabi a buɗe. Barakatu kanta sai da ta yi a'uziyya.

Mastura ta fashe da kuka. Ta ce tagar kicin na kallonsa, duk ta tada sallah sai ta gan shi ne a alƙiblarta, har ta daina barci. Ta jefa shi don ta huta, sai ta ga ruwan ma ya fi ƙarfinta.

"Tsoronki na gane shi," in ji Barakatu. "Amma da hannun ɗana za ki biya?"

Aka cire ankwar daga Ubale aka sa wa Mastura, aka fita da ita.

Barakatu ta damƙi wuyan hannun ɗanta na dama. Har Sa'alaba ba ta saki ba.