Yakuwar Kaka a Tukunya

A wani gari, can da, an yi wata tsohuwa mai yakuwa a tukunya, bakin tagar ɗakinta. Da za ta tafi biki ƙauye, ta ce wa jikarta, "Ki kula mini da ita. Irin mahaifiyata ne, babu saura."

Yarinya ta ga ruwa na ɗiga ta gindin tukunya yana ɓata daɓe, sai ta toshe hujin da yumɓu.

Ganye ya yi rawaya. Gabanta ya faɗi, ta ƙara ruwa. Ganye ya fara zuba, ta ƙara ruwa. Furanni suka kaɗe, ta ɗauki buta, sai ta ji ƙasar na wari. Ta tsoma yatsa, caɓal!

Ta dubi daɓe, ta dubi yakuwa. Ta ɓamɓare yumɓun, baƙin ruwa ya malale ɗaki. Ta daure, ta ajiye buta har ƙasa ta tsane.

Da tsohuwa ta dawo, yarinya ta ce, "Kaka, na ɓata miki daɓe."

Tsohuwa ta tsallake tabon, ta sunkuya kan ɗan koren toho. "Daɓe dai? Gobe ma sake. Wannan fa, ina zan samo?"