Ranar Farin Hayaƙi a Goronyo

Ranar alhamis ɗin da farin hayaƙi ya tashi a Roma, alamar an naɗa sabon Fafaroma, Katakis Istifanus, malamin da ke kula da cocin garin, ya fito daga gidan kallon ƙwallo inda 'yan cocinsa suka yini gaban talabijin, ya sheƙa a guje don ya buga ƙararrawa. Ƙararrawar wani tsohon ƙarfen tayar mota ce, rataye ga itacen dogon yaro a ƙofar cocin. Bai buga ba. Ya ishe ƙofar a ɓalle, kwaɗon yana lilo, ga wani dogon ƙarfe mai shuɗin fenti yashe a ƙasa.

Alhaji Mode na zaune a ƙofar gidansa bayan la'asar, katanga ɗaya ce tsakaninsa da cocin, shi ne ma ya ba su hayar filin. Tsohon direban babbar mota ne da ya yi rabin rayuwarsa yana kai albasa Onitsha, ya kwana gidajen Kirista iri-iri, yanzu ya koma dillanci. Da ya ga katakis ya dafe kai, sai ya sa takalmi.

"Istifanus, mi yaf faru?"

"Alhaji, an shiga mana."

Suka shiga tare. An kifar da bencina, an yaga labule. Can gaba akwai ɗan akwatin ƙarfe a jikin bango, inda Fada, limaminsu da ke zuwa daga Sakkwato, yake barin gurasa mai tsarki, wadda suke kira Jikin Almasihu, cikin wani kwano mai ruwan zinare. Akwatin a buɗe, kwanon babu. Istifanus ya faɗi a gwiwa. Mode kuwa tsaye ya yi yana kallo. Ba a fasa akwatin ba, mabuɗi aka sa. Gurasar tana bisa tebur, an jera ta cikin farin ƙyalle an naɗe. Jar fitilar da ke ci kullum kusa da akwatin an ɗauko ta an ajiye gefen ƙyallen, tana ci.

"Ina mabuɗin ga ke kwana?"

"Ƙarƙashin mutum-mutumin Maryamu." Ya ɗaga, ga shi nan.

Mode ya ce, "Jawo ƙofar ga mu ɗaure ta. Kuma kak ka gaya ma kowa abin da munka gani bisa tebur. Ko matarka."

Kafin su ɗaure, jama'a sun taru. Wani ya ɗaga ƙarfen ya ce na Yazid ne, mai gyaran injin ban ruwa da ke rumfa a tsallaken hanya. Kowa ya san sun taɓa yin cacar baki da 'yan cocin kan kwatar ruwa. Mata suna kuka suna jan rigar katakis: "Jikin Almasihu fa? Sun taɓa?" Shi kuwa sai ya ce sai hukuma ta zo. Muryar Dominik ta fi ta kowa. Ɗan kasuwar albasa ne, haifaffen Sakkwato, iyayensa mutanen Binuwai.

"Na hwaɗa maku! Tun randa tsohon Fafaroma yar rasu nac ce an shiga lokacin tsanani da annabci yah hwaɗi. Ga shi an hwara da mu!"

Insifeta Habibullahi ya zo ya tafi da Yazid. Ya ja Mode gefe ya ce gobe bayan sallar Juma'a zai tura shi Sakkwato. Mode ya san abin da hakan ke nufi. In aka fito masallaci labari ya bazu cewa an kulle Musulmi saboda coci, ko can kudu aka ji Musulmi sun keta coci, Yazid zai ruɓe a kurkuku, unguwar kuma sai abin da Allah ya yi.

Washegari da sassafe Mode ya fara da Yazid, a bayan kanta.

"Ƙarhen naka na?"

"Nawa na, Baba. Cikin rumhwa nika barinai, kowa ya sani."

"Ina kat tahi jiya?"

"Hwadamar Shinaka, injin Sale yal lalace. Sai gab da magariba nid dawo."

"Mi ke cikin akwatin cocin?"

"Wane akwati? Baba, ni ko inuwar ƙofarsu ban tsayawa."

Mode ya yarda. Amma yardarsa ba ta buɗe kanta.

Ya koma wurin Istifanus. Wannan bai ba shi wahala ba, don mai gidan kallo da mai shayi duk sun shaida tun hantsi katakis bai ɗaga ba, ko fitsari da ƙyar ya fita, idonsa na kan bututun hayaƙi.

"To wannan annabcin da Dominik ke ta hwaɗi, mine ne?"

Istifanus ya yi tsaki. "Wata tsohuwar magana ce, Alhaji. Wai wani babban limamin coci a Turai ya ga dukan fafaromomin da za a yi, ya ba kowanne kirari na 'yan kalmomi. Masu lissafi sun ce an kai ƙarshen jerin. Bayan na ƙarshe sai tsanani, Roma ta rushe, sai ranar shari'a."

"Ku kun yarda?"

"Coci ba ta taɓa sa hannu ba. Fada ya faɗa mana a wa'azi. Ya ce takardar ba ta ɓulla ba sai bayan mutumin ya daɗe da zama ƙasa. Fafaromomin da aka yi kafin a gano ta, kirarinsu ya zauna daram. Waɗanda aka yi bayanta, sai an ja maganar kamar roba kafin ta kai. Mu dai an koya mana ba wanda ya san ranar sai Allah."

Mode ya yi dariya. "Awa dillalin da ka hwaɗa maka farashin bara, yac ce duba yay yi."

"Amma tsoro ba ya jin wa'azi. Tsofaffinmu sun ruɗe."

"Wa yas san wurin mabuɗi?"

"Ni, da Mama Sisiliya mai shara, da duk wanda ya taɓa yi wa Fada hidima a bagade, teburin ibada."

Mama Sisiliya 'yar Zuru ce, mijinta ya mutu yana aikin madatsar ruwa, ita ta zauna tana noman rani. Jiya ba ta je kallo ba. Mode ya ishe ta ta ɗaure kaya cikin buhuna, tukwane a kife. Bai gama sallama ba ta riƙe hannun rigarsa.

"Alhaji, don Allah gaya mini. Jikin Almasihu, sun zubar? Sun taka? Ban runtsa ba."

"Ki kwantar da hankali, Mama. Ke kin taɓa buɗe akwatin?"

"Ni?" Ta ja da baya kamar ya nuna mata wuta. "Ko a coci a harshe nake karɓa. Hannun nan bai taɓa shi ba tun ina yarinya."

"Ina za ki da kaya?"

"Gida. In ƙarshen ne, ya same ni cikin dangina. Dominik ya ce masu tsanani za su fara da baƙi. Yaron kirki, shi ya taimake ni ya sayi rudun albasata duka."

Rudu wata rumfar kara ce da ake ajiye albasa a ciki har damina ta yi nisa, albasar ta yi tsada. Ba mai hankalin da ke sayar da rudu a wannan watan. Mode ya tuna hirar kasuwa: an ce wasu Kirista a Wurno da Rabah sun zubar da albasarsu a banza sun tafi, kuma mutum ɗaya ya saye. A Goronyo kuwa Mama kaɗai ta sayar, sauran sun saurari Fada sun zauna.

Mode ya aika wa Insifeta ya same shi a tashar albasa. Can ya ishe Dominik tsaye, 'yan dako suna loda masa mota suna tattaka buhuna.

"Alhaji Baba! Ka ga abin da mutanenku sunka yi mana?"

"Na gani, ɗana. Kai ina kake jiya?"

"Rabah. Dawowata ke nan nij ji ihu."

Mode ya samu buhu ya zauna, ya ja shi da hira. Dominik ya yi ta zuba: annabci, rushewar Roma, tsadar kwanon, yadda ya kamata 'yan coci su sayar da abin hannunsu su tafi tun da sauran dama. Har ya ce shi fa tun yana ƙarami yake riƙe wa Fada kyandir, ya san abin da yake faɗi. Mode yana jinjina kai, idonsa na kan gaban motar. Akwai buhu guda a kujerar kusa da direba, an shimfiɗa masa kwali.

Insifeta ya iso da Istifanus a baya.

"Dominik," in ji Mode, "na yi tuƙi har gashina yay yi hwari, ban taɓa ganin an ba albasa kujera ba. Direba zai makance da yaji kahin Gusau."

"Ta musamman ta, tsaraba ta."

"To a sauko da tsarabar mu gani."

Wani ɗan dako ya jawo buhun zai jefo ƙasa. Dominik ya daka tsawa, "Kak ka yada shi!" Ya tare da hannu biyu. Insifeta ya sa wuƙa ya farke ɗinkin. Tsakiyar albasa, naɗe cikin sabon tawul, ga kwanon.

Insifeta ya dubi Mode. "Alhaji, ƙaƙa ka gane?"

"Ɓarawon ya so a ce baƙo na, maƙiyin addininsu. Shi yas sa yas sato ƙarhen Yazid, yak kihe benci. Amma baƙo hwasa akwati zai yi, bai san mabuɗi ba, balle ya maida shi wurinai. Baƙo juye gurasa zai yi ƙasa ya ɗauki kwano. Wanga kuwa ya jera ta cikin hwarin ƙyalle, yak kawo mata hitilarta don kada ta kwana cikin duhu. Nac ce ɗan gida na. Katakis na gaban talabijin. Mama ko da bindiga ba ta taɓa gurasar da hannu. Sannan tun jiya duk ɗan cocin da nih haɗu da shi, kahin gaisuwa tambaya guda yaka yi: Jikin Almasihu hwa? Mutum ɗaya bai tambaya ba, jiya ko yau, ga shi da baki awa rediyo. Bai tambaya ba don ya san lahiya lau yab barshi."

"Don kwano ɗaya?" in ji Istifanus.

Mode ya ce, "Ba kwanon yaka so ba. Rudunan mutanenka yaka so. Wurno da Rabah annabci kaɗai ya ishe shi. Nan Fada ya ɓata mai ciniki, sai yac ce bari ya nuna masu tsananin da idonsu."

Aka saka wa Dominik ankwa. Bai yi gardama ba. Har sun kai bakin motar 'yan sanda ya tsaya, ya juyo, bai ɗaga ido ba.

"Katakis, man hitilar nan ya yi ƙasa. A ƙara mata."

Kafin kiran sallar Juma'a an saki Yazid. Da Mode ya fito zai tafi masallaci, ya ishe shi a ƙofar cocin da guduma yana mayar da kwaɗon, yana mita cewa katakon ma ruɓaɓɓe ne. Mama Sisiliya na zaune kan buhun kayanta tana kallonsa.

"Alhaji, to wannan sabon Fafaroman, shi ne na ƙarshen ko kuwa?"

"Wannan tambayi Fada, Mama. Ni dai abin da nis sani, Insihweta ya ce rudunki naki na. Kwance kayan ga, ki tai ki juya albasarki kada ta ruɓe."