Keken da Dalhatu Ya Saki

Ranar kasuwar Maigatari ce Ni'imatu ta fara ganin Dalhatu, kuma tana ƙasa ta gan shi. Ta zo ne daga Gumel sayen yadi, don ɗinki ne sana'arta. Tana tsallaka hanya wani babur da aka lafta wa buhuna ya ƙwace wa mai shi, ya danne mata ƙafar dama.

Mutane suka yi cincirindo ana ta salati. Wani dogon saurayi ya kutso, ya ɗaga babur ɗin, ya roƙi wasu mata masu fura su kama ta zuwa motarsa.

“Sannu, baiwar Allah. Kar ki kalli ƙafar, ki kalle ni. Ina ne gidanku?”

“Gumel,” ta ce, hawaye na zuba.

“To Gumel muka nufa.”

Dalhatu ɗan Gagarawa ne, yana sayen riɗi a ƙauyuka yana kai wa manyan 'yan kasuwa. Bai bar asibiti ba sai da mahaifinta, Malam Hudu, ya iso. Washegari ya dawo da lemo da ayaba. Daga dubiya aka koma gaisuwa, daga gaisuwa aka koma zance a zaure. Sunanta ma sai ya gyara shi, ya mai da shi Ni'imata.

Karayar ta yi muni. An yi aiki, an sa ƙarfe, likita ya ce za ta taka amma ɗingishi ba zai rabu da ita ba. Da ta gaya wa Dalhatu, sai ga saƙonsa:

“Ni'imata, ba ƙafarki na gani na ce ina so ba. Hajiyata ma ta san komai, kullum tana yi miki addu'a.”

Ta karanta, ta kifa wayar a ƙirji, ta yi kukan daɗi.

Ana gab da babbar Sallah yayarta Zakiyya ta ce za ta kai 'ya'yanta wani wurin shaƙatawa a Kano, mai lilo da jirgin ƙasa na wasa. Ni'imatu da ta gaji da zaman ɗaki ta ce ƙafarta ƙafarsu. Dalhatu ya ce shi zai kai su.

Sai maganar abin da za ta yi tafiya da shi ta taso. A gida da sandunan dogarawa take zagayawa, amma sukan ci mata hammata, ko tsakar gida ta ƙetare sai ta huta. Likita ya ce wurin yana da faɗi, ga turereniyar yara, mutum ɗaya ya ture ta aikin ya lalace. Keken guragu ya fi.

Fuskar Dalhatu ta canza da ya ji.

“Ni'imata, keke kuma? Sai ka ce wadda ba ta taɓa tafiya ba. Ki riƙe sandunanki mana. In za a ɗauki hoto sai a jingine su gefe.”

Ta yi dariya. “Yaya, hoto za mu je ɗauka ko yawo? In na faɗi fa?”

“Shi kenan, yadda kika ce. Ni zan tura ki.”

Ta ɗauka tausayinta yake ji.

Ranar ta ci ado da leshi ruwan goro wanda ta ɗinka da hannunta. Zakiyya ta ja yara suka bi layin lilo, Dalhatu kuma yana tura ta a hankali, yana sunkuyowa yana tsokanarta. Ta daɗe ba ta yi dariya irin ta ranar ba.

Suna kusa da mai sayar da gurguru ta ji keken ya tsaya. Wata dattijuwa ce ke tahowa, tare da wata budurwa da yara.

“Dalhatu? Ba ka ce min kana Sule Tankarkar wajen riɗi ba?”

Ni'imatu ta gane muryar uwa ce. Hajiya A'i ce, mahaifiyar Dalhatu, ta zo Sallah gidan ƙaninta a Kano, budurwar kuma Hidaya ce, 'yar ƙanin nata. Ni'imatu ta gyara mayafi, ta sunkuyar da kai cike da kunya da murna.

“Ina wuni, Hajiya.”

“Lafiya lau, 'yan mata. Sannu, Allah ya ba ki lafiya. Dalhatu, wacece?”

Ta ji lokacin da hannuwansa suka bar keken.

“Ƙanwar abokina ce, Hajiya. Taimaka musu na yi.”

“Allah sarki. Ka kyauta. To in ka gama taimakon ka zo ka gaisa da Hidaya da kyau, tun jiya kawunka ke maganarku.”

Ni'imatu ba ta ɗago ba. Ta sa hannu a tayoyin, abin da ba ta taɓa gwadawa ba, ta murza. Keken ya karkace, ta sake murzawa, ta ratsa cikin yara tana tafiya a karkace har ta isa inda Zakiyya take.

“Anti, mu tafi gida.”

Motar haya suka hau, aka ɗaure keken a saman but. Tun daga Kano har Gumel wayarta sai haske take yi da saƙonnin Dalhatu.

“Ni'imata, don girman Allah ki ɗaga. Ruɗewa na yi.”

“Hajiya tana da hawan jini, so nake in bi ta a hankali.”

Amsa ɗaya ta ba shi:

“Malam Dalhatu, ashe addu'ar da ka ce tana yi min ma ƙarya ce. Yanzu na gane abin da ya sa ka so a ɓoye sanduna. Ka gai da abokin naka.”

Abin da ya fi cin ta shi ne duk inda ta juya a tunaninta sai ta tarar da wata ƙaryar. Gaisuwar Hajiya da yake kawo mata, turaren da ya ce Hajiya ce ta aiko. Ta tattara turaren ta ba Zakiyya. Ta daina cin abincin kirki, ta koma kan keken ɗinkinta tana juya shi da hannu tun safe har la'asar.

Malam Hudu da ya ji labarin ya fito zaure da kansa.

“Dalhatu, alherin da ka yi mana a Maigatari ba mu manta ba, Allah ya saka. Amma 'yata ba abin ɓoyewa ba ce. Kar ka ƙara zuwa.”

Bai daina zuwa ba. Duk ranar Juma'a sai ya yi sallama, a ce masa ba ta fitowa, ya daɗe a tsaye jikin motarsa sannan ya tafi. Ni'imatu tana jin tashin motar, takan ciji leɓe ta ci gaba da ɗinki.

A Gagarawa kuwa ya faɗa wa Hajiya gaskiya, ta ce sam, ga 'yar'uwarsa lafiyayya ba zai kwaso mata mai jinya ba. Hidaya ce ta warware zancen da kanta.

“Goggo, ni fa ina wurin, na ga fuskar yarinyar nan. Wanda ya saki keken wata a tsakiyar mutane, ni ma wata rana zai sake ni. Ba na so.”

Maganar ta tsaya wa Hajiya a rai. Bayan an kawar da amfanin gona ta sa Dalhatu ya kai ta Gumel. Lokacin Ni'imatu ta fara takawa da sanda ɗaya. Ta fito tana ɗingishi, ba ta yi ƙoƙarin ɓoyewa ba, za ta durƙusa Hajiya ta riƙe ta.

“Zauna, 'yata. Ni aka sa na taka ki ban sani ba, daga baya kuma na taka ki ina sane. Ki yafe min.”

Malam Hudu ya ce, “Hajiya, ni ba ni aka yi wa ba. Ga ta nan.”

Ni'imatu ta dubi Dalhatu, karo na farko tun Kano. Ya rame, idonsa ya faɗa.

“Hajiya ta yi maka tambaya ranar nan, ba ka amsa mata ba. Wacece ni?”

Ya dubi mahaifiyarsa ya ce, “Hajiya, wannan ita ce Ni'imatu. Ita nake so tun ranar da na fara ganin ta, ita zan aura in ta yarda. Ba ta da abin kunya, ni ne na yi abin kunya.”

Ba ta amsa a ranar ba. Ta bar shi yana zuwa yana komawa har sai da ta ji zuciyarta ta sauko don kanta, sannan ta tura masa saƙo:

“Yaya, ka turo su kawu. Amma ka sani, sau ɗaya ake yi min irin wannan.”

“Wallahi na sani, Ni'imata.”

An ɗaura aure a Gumel bayan sallar Juma'a. Da yamma motocin kai amarya suka kama hanyar Gagarawa, mata na guɗa. Hajiya A'i ce ta tarbe ta a ƙofar gida, ta kama hannunta, ta daidaita takunta da na amarya har cikin ɗaki.

“Allah ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari,” ta ce. Sannan ta leƙa waje inda ango ke tsaye da abokansa. “Kai kuma, ranar da ka sake sa ta kuka, gidan nan ni da ita za mu zauna, kai ka nemi wurin kwana.”

Matan suka tuntsire da dariya. A ƙarƙashin lulluɓi Ni'imatu ta ce amin.