Ladan Aikin 'Yar Baba

Na san Mai Sabulu tun yana dama sabulunsa a rabin ganga a bayan ɗakin haya. Mutum ne mai kaifin lissafi, amma hannunsa kamar an ɗinke shi. Ranar da ya zauna tsara sana'ar, ya jera komai da bakinsa: mai, soda, turare, kwali, haya, kuɗin mota. Ya tara, ya raba da adadin sandunan sabulun da ganga ɗaya take bayarwa, ya ga ribar kowace sanda ba ta sayen ashana.

Matarsa ta ce, "Maigida, ba ka sa ladan masu aiki ba fa."

"Waɗanne masu aiki? Ke da Dogo da 'Yar Baba? Yaushe aka fara biyan mutum don ya taimaki gidansu? In na sa wannan, ai faɗuwa muke yi."

Dogo ƙanensa ne, shi ke kai kaya shaguna. 'Yar Baba kuwa ita kaɗai Allah ya ba su, budurwa mai fara'a, ita ke yanka sabulu tana naɗewa. Duk duniya ba abin da yake so kamarta, wannan kam na shaida.

Ribar ashana ba ta ishe shi ba. Wata rana da tsakar rana ya ɗauki sandar sabulu ɗanya, wadda ba ta gama daskarewa ba, ya nufi wani boka da ke zaune a bayan tsohon sito. Ɗakin ba taga. Sanyinsa irin na rijiya ne, ga ƙarnin jini ya kama bango. Wani tsohon ma'auni ya yi tsatsa yana rataye daga rufi, farantansa biyu suna lilo ba iska. A ƙarƙashinsa kwano ne cike da baƙin ruwa.

Bokan bai ɗago kai ba. "Me kake nema?"

"Kasuwa, ranka ya daɗe. Duk wanda ya yi wanki da sabuluna sau ɗaya, kada ya sake kallon na wani."

"Za a yi."

"Amma ni ba na ba da jini. Gara in faɗa tun yanzu."

Bokan ya yi wata dariya marar sauti. "Wa ya tambaye ka jini? Masu ma'aunin nan 'yan kasuwa ne irinka. Abin da ka biya kuɗinsa naka ne. Abin da ya shiga sana'arka ba ka biya ba, nasu ne."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Ka yi tunani dai."

Mai Sabulu ya yi tunani, amma tunanin mai da soda ya yi. Shi da bai taɓa karɓar kaya bashi ba? Har murmushi ya yi, yana ganin ya yi wa boka wayo. Aka sa shi ya danna babban yatsansa a jikin sabulun, aka ɗora a faranti ɗaya. Ɗayan farantin, wanda ba komai a ciki, shi ne ya yi ƙasa. Sannan ya wanke hannu a baƙin ruwan, kumfar ta fito ja.

Kasuwa ta buɗe kamar an fasa madatsar ruwa. Rabin ganga ya zama ganguna, kurar tura kaya ta zama mota, ɗakin haya ya zama gida mai bene. Ya ɗauki ma'aikata, yana biyansu kafin guminsu ya bushe. Ko igiyar ɗaure kwali ba ya yarda a ba shi kyauta. Mutanensa uku kuwa suna nan suna aiki kamar da, ba wanda ya taɓa karɓar ko sisi.

Dogo ne ya fara tafiya. An same shi zaune a mota a ƙofar wani shago, hannunsa kan sitiyari, bakinsa cike da jar kumfa, ba rai. Ba a daɗe ba matar Mai Sabulu ta fara wanke hannu. Tun safe take wankewa har fata ta saluɓe, tana cewa wani yana auna ta. Ranar da aka ɗaure ta aka kai ta asibiti, ta dube shi ta ce, "Na faɗa maka ba ka sa mu a lissafi ba."

A nan ne maganar bokan ta faɗo masa. Saura mutum ɗaya.

Ya koma gida a guje, ya lissafa duk watannin da 'Yar Baba ta yi tana yanka sabulu, ya ninka da albashin babban ma'aikacinsa, ya ƙara a kai. Ya same ta a ɗakin aiki ya danƙa mata kuɗin.

"Baba, na mene ne?"

"Ladan aikinki ne. Karɓi."

"Haba Baba! Ni 'yar aiki ce? Kai da kullum kake cewa ba a biyan mutum don ya taimaki gidansu?"

"Na ce ki karɓa! Don Allah, 'yata, ki karɓa."

Ta ga hawaye a idonsa, ta karɓa. Bai gaya mata dalili ba. Kunya ta hana shi cewa ya je wajen boka, kuma wannan kunyar ce nake jin haushinta har yau.

Da yamma ya zauna rufe ciniki, hankalinsa kwance a karon farko. Ya ƙirga kuɗin aljihun tebur, ya gwada da abin da aka sayar. Kuɗin ya yi yawa. Ya sake ƙirgawa, ya cire ciniki, ya dubi rarar. Daidai take da abin da ya ba 'Yar Baba, ko sisi bai yi ciwon kai ba. Yarinyar ta ga babanta cikin damuwa, ta ɗauka kasuwa ce ta taɓu, ta lallaɓa ta mayar masa.

Daga ɗakin aiki ya ji wuƙar yankan sabulu ta faɗi ƙasa. Ko da ya isa, 'Yar Baba ta riga ta bi Dogo.

Gidan benen yana nan, ba mai haya, gangunan sun yi tsatsa. Shi kuma yana bakin titi da gwangwanin tsabar kuɗi. In ka gaishe shi sai ya biyo ka da gudu ya biya ka gaisuwar. Yana ajiye kuɗi a gindin bishiyar da yake shan inuwarta. In ya ga budurwa ta wuce, sai ya durƙusa yana miƙa mata gwangwanin duka.

Kai mai shirin buɗe sana'a, in lissafi ya nuna maka ƙaramar riba, ka riƙe ta da hannu biyu, ka nisanci ɗakin da ba taga. Kuma in ka zo jera abin da za ka kashe, ka fara da gumin mutanen gidanka. Mai Sabulu ya bar shi a ƙarshe, kuma har yau yana yawo da kuɗin, bai sami mai karɓa ba.