Zaren Furfura

Shekarar da aka biya ma'aikata kuɗin Udoji, Malam Maharazu, malamin gona a Ƙanƙara, ya sayi babur sabo fil mai madubi biyu. A madubin nan ya fara ganin furfura a gemunsa.

Bai kai hamsin ba. Amma gwiwarsa ta soma ƙara in ya miƙe daga sujada, masu faci a tasha kuma sun koma ce masa Baba. Duk wanda ya faɗa, sai ya harare shi kamar ya zagi uwarsa.

Matarsa Baraka ta ce, "Malam, ka bar ta mana. Ni ina ganin ma ta yi maka kyau."

"Ke kika sani," in ji shi. Washegari ya sayi matsefata.

Kowa ya san ba a yar da gashin mutum. Wanzami in ya gama aski, tattarawa ake yi a tona rami a binne. Maharazu ya san haka sarai, tun yana yaro aka koya masa. Amma a gida Baraka za ta gani ta yi dariya. Saboda haka in ya taso daga duba gonakin Mabai, sai ya ratse gindin wata tsamiya a bakin hanya, ya karkato madubi, ya tuge furfurar, ya hure ta. Babban mutum, mai ilimi, a gindin tsamiya, gab da magariba. Haka ya yi ta yi tun farkon damina har dawa ta fitar da kai.

Ran nan ya tsaya kamar kullum. Rana ta yi ja. Makiyaya sun wuce da shanunsu, hanya ba kowa. Ya tuge ɗaya, ya tuge ta biyu, sai ya ji ƙauri. Ƙaurin gashi a wuta.

Kwaɗin fadama suka yi tsit.

Ya buga babur. Bai tashi ba. Ya sake bugawa, gwiwar ta amsa.

Daga bayansa aka ce, "Yaro."

Abin kunya, sai da ya ji daɗin kalmar kafin ya ji tsoro.

Bai waiwaya ba, madubi ya duba. Wata tsohuwa ce zaune tsakanin saiwoyin tsamiyar, ta miƙe ƙafafu, tana kaɗi. Mazarinta na juyawa a cikin ɗan ƙoƙo, ƙirr, ƙirr. Babu auduga a hannunta. Zaren dai fari ne tas, siriri, yana sheƙi.

Ya ce, "Sannu, Iya."

"Ba ni son gaisuwarka. Kullum ka zo ka zuba mani shara a ƙofar ɗaki. Ko sallama ba ka yi."

"Ban san da mutum ba."

"Ba mutum." Mazari ya yi ƙirr. "Na tsince ta duka, ko ɗaya ban bari ba. Ga ta nan na kaɗe. Saura kaɗan ta isa."

"Ta isa mi?"

"Likkafani."

Matsefatar ta suɓuce daga hannunsa.

Ta ce, a hankali, kamar mai lallashin jariri, "Ba ka ce ba ka son tsufa ba? To, hanyar guda ce, yaro. Taimakonka nake yi."

Sai ya ji an ja haɓarsa.

Ya kai hannu. Zare ne. Ya fito daga cikin gemunsa, ya bi ta kan kafaɗarsa, ya tafi can wurin mazarin.

Ƙirr.

A madubi ya ga baƙin gashinsa yana rikiɗa fari, sili bayan sili, yana zarewa yana bin zaren. Sanyi ya kama yatsun ƙafarsa. Ya hau ƙwauri. Ya kai gwiwa, ciwon da ya saba da shi ya ɗauke ɗif.

Bai taɓa jin abin tsoro kamar rashin ciwon nan ba.

Ya buɗe baki zai yi a'uziyya, harshe ya yi nauyi. Numfashinta ya iso ƙeyarsa, da warin tsohon rami.

"Tsaya cik. Yanzu za ka huta."

Ya damƙe zaren da hannu biyu. Yana yankan tafinsa.

Ya ce, "Tawa ce. Furfurata ce. Ina so."

Mazarin ya tsaya.

"Ka yar."

"Ina so!"

Ya kai zaren bakinsa, ya datse da haƙori, sunan Allah ya fito tare da jini. Zaren ya tsinke. Ciwon gwiwa ya dawo kamar an soka masa basilla.

Ya yar da babur ya zura da gudu. Gwiwar da ya yi ta tsinewa ita ta kai shi Mabai, tana ƙara, yana ɗingishi, ana cikin sallar magariba.

Da safe mutane suka je suka turo babur. Duka madubin biyu sun tsage. Maharazu ya je wurin mai gari, ya koma, ya sake komawa, yana neman a sare tsamiyar. Aka yi ta ce masa za a duba. Ba a duba ba. An shimfiɗa kwalta ta gefenta, an kafa turakun wuta, amma ba a sami mai gatari ko ɗaya ba, kuma ko allo ba a kafa don gargaɗin masu wucewa ba. Wannan sakaci ne, ba shi da wani suna.

Gemun kuwa ya tashi fari fat, bai sake baƙi ba. Haƙorin gaba ɗaya ya tafi. Baraka ba ta yi dariya ba, ba ta kuma tambaye shi ba.

Mai faci ya ce masa, "Sannu, Baba."

Ya ce, "Yawwa, ɗana."

Amma in yana alwala sili ɗaya ya faɗo, sai ya dakata. Ya durƙusa, gwiwa na ƙara, ya lalubo shi a cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya tona rami ya binne, ya take da dunduniya. Tsohuwar ta ce saura kaɗan, ba ta kuwa faɗi ko sili nawa ba.