Takalman Oga Pruitt

A jirgin ruwan yaƙin nan, idan mai sallamar jiragen sama ya rasu, takalmansa ake ɗorawa a majaujawar tururi a cilla su teku. Haka aka yi wa Oga Pruitt.

Daren da aka cilla takalmansa, Odalys makanikiya ta rufe tururi, ta rataya jan katin gargaɗi, ta sauka ramin majaujawa neman inda yake yoyo. Sai ta ji ƙarfe yana ɗumi a tafinta.

"Wane mahaukaci ne ya buɗe? Da mutum a ciki!"

"Yi haƙuri, 'yata," in ji wata dasasshiyar murya daga sama. "Saura jirgi ɗaya ban sallama ba."

Ta ɗaga fitila. Takalma ne a bakin ramin, ruwan teku yana tsiyaya daga cikinsu.