Mutuwar Alƙali Khoo a Matakalar Baya

Insfekta Rosdi yana tsakiyar cin shinkafar rana aka kira shi. Lahadi ce, kuma tun safe kansa ke sara. Ya ture farantin, ya wanke hannu, ya faɗa cunkoson motocin Kuala Lumpur.

Filin wasan zamiya a kan ƙanƙara yana hawan ƙasa na wani katafaren rukunin shaguna. An gama gasar zamiya ta maza, an raba lambobi, amma 'yan kallo sun ƙi watsewa. Sun rabu gida biyu a bakin ƙofa, masu ɗankwali kore da masu ruwan ɗorawa, kowa na nuna wa ɗan'uwansa waya a fuska.

Sajan Thevan ya tare shi, ya ja shi zuwa matakalar baya wadda ma'aikata ke bi. A ƙasanta gawar wani dattijo take kwance, wuya a karye.

"Encik Khoo ne, Tuan. Shi ne alƙalin da ke duba ko ɗan wasa ya cika juyinsa a sama kafin ya dira."

"Zamewa ya yi?"

"An fizge maɓallin rigarsa. Kuma babu kyamara a nan."

Rosdi ya hau matakalar a hankali, gwiwoyinsa na ƙara. A saman matakalar ya tarar da daɓen a jiƙe, wurin duk ƙamshin citta. A kusurwa akwai murfin filas. Ya sa shi a leda.

"Waɗancan na waje, me ya haɗa su?"

"Maki, Tuan. Harith ya faɗi sau ɗaya amma ya ci. Wei Sheng bai faɗi ba, ya zo na biyu. Matata ma ta kira ni sau uku tana zagi, kamar ni na ba da makin."

Thevan ya nuna masa wani rubutu a waya. Shugabar magoya bayan Wei Sheng, Madam Philomena, ta rubuta wa duniya cewa yau Khoo sai ya gane kurensa.

Suka same ta a ofishin manajan filin, ta harɗe hannuwa.

"Kin yi magana da shi bayan gasa?"

"Ni? Ba na magana da makafi."

"Mai shagon kofi ya ce ya gan ku tare," in ji Thevan. "Ya ce har kin buga teburi."

Ta zaro waya, ta buɗe bidiyon gasar. "To, na tare shi. Duba nan, Tuan Insfekta. Tsalle mai juyi huɗu aka rubuta wa Harith. Kalli ƙarfen takalminsa! Ya taɓa ƙanƙara kafin juyin ya cika, ya ƙarasa sauran a ƙasa. Da an rage masa..."

"Madam, kaina na ciwo. Me Khoo ya ce?"

"Ya kalla, ya sake kalla. Sai ya cire gilashinsa ya ce, 'Gaskiyarki.' Ya ce zai faɗa wa 'yan jarida da bakinsa cewa kuskurensa ne." Muryarta ta ragu. "Shekara nawa ina jiran alƙali ɗaya ya faɗi haka. Don me zan kashe shi?"

"Wa ya ji wannan maganar?"

"Masu koren nan, magoya bayan Harith, sun cika teburin bayanmu. Ban kalli fuskokinsu ba, ba na son ɓacin rai."

Harith yana ɗakin canza kaya, ya ɗora ledar ƙanƙara a kan gwiwa. Saurayi ne siriri. Ya cusa lambar zinarensa cikin takalmi kamar wanda ke jin kunyarta.

"Ina kake lokacin da abin ya faru?"

"Ana ɗaukar mu hoto, Tuan. Kowa ya gan ni."

"A cikin mutanenka wa ke shan shayin citta?"

"Ni. Kak Normah ce ke kawo mini." Ya ɗan yi murmushi. "Ina ce mata Kak, wato Yaya, amma ba 'yar'uwata ba ce. Malamar makaranta ce da ta yi ritaya. Tun ina koyon tsayuwa a ƙanƙara take zuwa kallona, har Bangkok ta bi ni. Ita ta ɗinka wa kowa ɗankwalin nan."

"Yau ta kawo?"

"Ta ce ya zube." Murmushin ya ɓace. "Ba ta shiga hoton ba ma. Ba ta taɓa rasa hoto ba."

Rosdi ya miƙe yana dafa bango.

Kak Normah tana zaune ita kaɗai a kujerun 'yan kallo, tana ninke wani dogon ƙyalle mai sunan Harith. Gajeriyar mace ce mai farin gilashi. Sanyin wurin ya shiga ƙashin Rosdi, ya zauna kusa da ita.

"Kak, ba a gan ki wurin hoto ba."

"Na hau masallacin sama yin azahar."

"Kin san Encik Khoo?"

"Daga nesa. Allah ya sa can ya fi masa nan."

"Zan iya ganin jakarki?"

Ta jinkirta, sannan ta miƙa. Filas ɗin na ciki, an toshe bakinsa da leda an ɗaure da roba. Rosdi ya kwance robar, ya fito da murfin da ya tsinta, ya murɗa. Ya zauna daram.

Ta daɗe tana kallon filas ɗin. Can ƙasa wata mota na share ƙanƙarar, tana kai da komowa.

"Na ji abin da ya gaya wa matar nan," ta ce. "Na bi shi. Roƙonsa kawai na je yi. Na ce, Encik Khoo, ka bar yaron nan ya kwana da farin cikinsa. Ya ce ba zai iya ba. Ya juya zai sauka, na riƙo rigarsa. Ya fizge, ni kuma..." Ta kalli tafin hannunta. "Na tura shi. Ba zan ce ban tura ba."

"Manaja ya gaya mini ko da ya yi magana, ba a sauya sakamako bayan an sanar. Lambar ta Harith ce."

"Ni za ka koya wa doka? Na san wannan tun kafin a haifi manajan." Ta cire gilashinta ta goge. "Bakin mutane nake ji masa, Tuan. Ba ka san su ba. Duk inda ya je za su manna hoton ƙafar nan, su ce ga ɓarawon zinare, alƙali ma ya faɗa. An yi wa gwiwarsa aiki sau biyu. Wannan ce gasarsa ta ƙarshe."

"Yanzu kuma me za su ce?"

Ta ƙarasa ninke ƙyallen, ta ajiye shi a kan kujera, ta miƙe. Rosdi ya girgiza wa Thevan kai, shi kuma ya mayar da ankwar da ya zaro cikin aljihu.

Ta ƙofar gaba suka fita, don an rufe ta baya. Masu kore suka hango ta tsakanin 'yan sanda biyu, suka yi tsit. Amma daga can gefe wani mutum bai ma ɗago ba, yana ta rantsuwa cewa ko an rage makin tsallen, Harith ya fi iya bin kiɗa. Wata ta ce masa ya je ya sayi gilashi.

Harith ya fito yana ɗingishi, ya tsaya bayan gilashin ƙofa. Kak Normah ta kau da kai.

Sai da ta zauna a bayan mota ta taɓa hannun rigar Rosdi.

"Tuan, matar nan ta nuna maka hoton, ko? Kai da ba ka da kowa a cikinsu, ka gaya mini. Juyin ya cika?"

Rosdi ya murza idanunsa.

"Ban kalla ba, Kak," ya ce, ya rufe ƙofar.